Safar Hannun Baffa Sale

Iya, kakata ta wajen uba, ba ta taɓa sakin jiki da abin kyauta ba. In maƙwabciya ta aiko da ɗanwake, za ta ci ta sa albarka, sannan ta zauna tana tunanin abin da za a zo aro gobe. Mukan yi mata dariya, ita kuwa ko a jikinta. Yau ga ni da furfura ɗai-ɗai, kuma halin nan nata na kwaso kaf.

A Challawa na tashi, a wani gida da ke jingine da katangar kamfanin fata. Mun saba da warin jima har ba ma jin sa, sai baƙo ya zo ya toshe hanci muke tunawa. Mahaifina ya rasu ina ƙarama, don haka ƙanensa, Baffa Sale, shi ke riƙe da gidan. Lebura ne a kamfanin, irin waɗanda ake kiran sunansu kowace safiya a bakin get. Ranar da ba a kira ka ba, sai ka juya gida. Aikinsa tsamo fatu daga cikin ruwan kemikal, kuma aikin ya cinye masa hannu. Fatar hannun ta tsattsage, tsakanin yatsun ya saɓule ya yi fari, har da cokali yake cin tuwo saboda yajin miya.

Bayan sallar isha'i Iya kan kwashe garwashin murhu a kasko, mu kewaye ta, mu da yaran maƙwabta. Galibi an ɗauke wuta, janaretan kamfani ne kawai ke gurnani a bayan katanga. Nan take yi mana tatsuniya. Amma a shekarar da na shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare, sai tatsuniya ta samu abokin raba lokaci. Kamfani ya buɗe wa leburori ajin Turanci kyauta bayan an tashi aiki, wani akawu mai ɗaure wuya ne malamin. Baffa kan dawo da jimloli a ka, ya zauna a gefen kasko ina yi masa bita.

Duk jimlolin kansu ɗaya, da “Every day” suke farawa. Na san tsarin, don mu ma a makaranta da shi aka koya mana yadda ake faɗin abin da mutum ya saba yi: kullum Audu yana zuwa makaranta, kullum Ladi tana share ɗaki. Kaina ya kumbura sosai, wai ni ce malamar Baffa. Iya ta raɗa wa abin suna karatun ebiride, tana saurare tana taɓe baki.

Wata rana ta ce, “Ke 'yar boko, juya min abin da yake ta nanatawa.”

Na gyara zama na fassara. Kullum ina sa safar hannuna. Kullum ina sa takalmin roba. Kullum ana ba mu madara bayan aiki. Kullum likita yana duba mu.

Iya ta dubi hannayen Baffa da ke shanye a bakin wuta. “Wace safar?”

“Iya, misali ne,” in ji Baffa. “Ba a nufin komai da shi. Don baki ya saba ne kawai.”

Na sa baki na ce mu ma babu wani Audu a ajinmu, ƙirƙirarsa aka yi.

“To me ya hana su ba ku Audun? Mutuwa ya yi?” Iya ta tura wani garwashi da tsinke. “Shekara da shekaru kana yi musu aiki da Hausa, Sale, fatun ba su taɓa cewa ba sa ji ba. Wa za ka yi wa Turancin?”

Baffa ya ce an yi alkawarin wanda ya fi iyawa za a mai da shi ma'aikacin dindindin, ya huta da tsayuwar bakin get. Iya ta juyo gare mu ta ce, “Ga wata nan tafe, ku ba ta hanya.” Muka ce ta shigo, mun share mata wuri.

Wai wani makiyayi ne idonsa ya yi rauni. Da magariba yakan tsaya a bayan shinge ya tambayi 'yan awakinsa ko lafiya, su amsa, ya tafi ya kwanta. Sai kura ta zo da carbi a wuya, ta ce ta tuba da cin nama, yanzu karantarwa take yi saboda Allah, ko ƙwayar gero ba ta so. Ta tara 'yan awaki ta koya musu baiti ɗaya mai daɗin rerawa: mun ci, mun sha, mun cika cif, babu wanda ya ɓata. Iya kan rera shi da siririyar murya har mu kama. Da baitin ya zauna musu, kura ta fara ɗauke ɗaya kowace yamma. Makiyayi ya tambaya daga bayan shinge, su haɗa baki su rera, ya ce madalla. Suna ganin wurin kwanciyar 'yan'uwansu babu kowa, amma baitin ya riga tunaninsu fitowa. Ranar da ya rage saura ɗaya, ita kaɗai ta rera cewa sun cika cif, kura na tsaye a bayanta tana gyara mata karin murya.

“Nan na sauke ta,” in ji Iya. “Ƙarya ce, amma ni na faɗa muku ƙarya ce. Ku tambayi mai ebiride ko shi ma yana faɗa.”

Baffa ya yi dariya ya ce Iya ba ta da dama. Ni ma na yi.

Ba a jima ba dalilin ajin ya fito. Wasu Turawa masu sayen fata za su zo su ga yadda ake aiki kafin su ƙulla ciniki. Da safen ranar aka raba wa leburori sababbin safar hannu na roba da dogayen takalma. Baffa aka sa a gaba, don ya fi kowa iya jimlolin. Kafin la'asar ya dawo, ya zauna a kan turmi ya ba mu labari.

Ya ce bai yi tuntuɓe ko a kalma guda ba. Babba a cikin baƙin, wani dattijo, ya ji daɗi ƙwarai, sai ya miƙo masa hannu su gaisa. Baffa ya zare safar dama, ya zare ta hagu, ya ba shi hannu biyu kamar yadda ake gaida babba. Baturen ya riƙe hannun bai saki ba. Ya juya shi, ya duba tsakanin yatsun, ya yi wata tambaya da ba ta fara da ebiride ba. Baffa bai san amsarta ba. Manajan kamfani na gefe yana murmushin da bai kai ido ba. Da baƙin suka tafi, aka bi kowa aka karɓe safa da takalma.

Washegari ba a kira sunansa ba. Ya ci gaba da zuwa bakin get har ya gaji ya daina. Mun sha wuya a shekarar, tukunya ta koma hawa murhu sau ɗaya a yini, Iya da tsufanta ta fara suyar ƙosai a bakin titi. Na yi ta jiran ta ce ai ta faɗa, amma ba ta taɓa cewa ba. Tatsuniyar kura mai carbi ma ba ta ƙara yin ta ba, ko mun roƙa. Sau ɗaya na ji tana magana ita kaɗai tana tankaɗe: “Ni na koya masa gaida manya, ni kuma na yi masa tatsuniya. Ko wanne ne ya kore shi, daga wajena ya fito.” Ta rasu ba ta san ko wanne ba ne.

Yanzu ni ma Turanci nake koyarwa, a wata firamare a Sharada. Da ina ɗauka darasin daren nan shi ne kada a yarda da malamin da ya zo da kyauta. Da na girma na ga abin ya fi haka nauyi. Gane kura ba shi da wuya, Iya ta gane ta tun daga nesa. Abin da ba ta gaya mana ba shi ne abin da 'yar akuya za ta ci ranar da ta ƙi rera baitin.

Bara na je kasuwar 'yan lemo a Na'ibawa, inda Baffa ke tura baro. Hannayen sun warke, tabo ne kawai ya rage. Muna zaune a inuwar wata mota na yi masa tambayar da na daɗe ina riƙe da ita.

“Baffa, don Allah ku gaya min gaskiya. Ranar nan da gangan kuka cire safar, ko mantawa kuka yi?”

Ya ɓare lemo a hankali ya miƙo min rabi.

“Dattijo ya miƙo min hannu, Binta. In ba shi roba?”

Na zuba wa fuskarsa ido ina neman inda zan kama shi, ban samu ba. Wani ya kira shi ɗaukar kaya, ya tashi ya kama baronsa.