Hasken Asuba da Hannun da Na Karkatar

Da Allah zai mayar da ni baya ya ce in warware abu ɗaya cikin abubuwan da na aikata, ba zan tsaya tunani ba. Wata safiya ce da na miƙa hannuna na dama a gaban sojoji, na karkatar da shi kaɗan daga inda ya kamata ya nuna. Karkatarwar ba ta fi faɗin tafin hannu ba, amma ta ci wa wani bawan Allah noman shekara, ta raba shi da iyalinsa wata da watanni. Wannan safiya ba zan manta da ita ba har in koma ga Mahaliccina.

Garinmu ƙarami ne a bakin kogin Komadugu, tsakanin Shetimari da Difa. Tattasai muke nomawa tun kakanni, da shi muke aure, da shi muke suna, da shi muke sayen hatsin shekara. Abin ya faru ne a shekarun dokar ta-ɓaci, lokacin da yaran daji, wato ƴan tada ƙayar baya, suka hana kowa barci. An hana hawa babur, an taƙaita sayen isansi, wato man fetur, da takin zamani, domin an ce da takin suke haɗa abin fashewa, man kuma su zuba wa baburansu. Ɗan abin da hukuma ta yarda manomi ya saya ba ya kai tattasai ko rabin hanya. To, injin ban ruwa ba ya shan iska. Sai kowa ya nemi nasa ta bayan fage, ya binne a gona. Bulama, wato mai garinmu, ya sani. Liman ma ya sani. Nawa bido ne, wato jarka, na isansi da buhunan taki, na binne su a gindin wata goruba da ke tsakiyar gonata.

Da sanyi ne, tattasai ya fara ja. Na fito sallar asuba, ina bakin masallaci ina kaɗe ruwan alwala daga hannuna, sai na ga haske a sama ta wajen kogi. Fari ne mai ɗan kore-kore, ya fi kowane tauraro girma, kuma ba ƙara ko kaɗan. Ya tsaya cak kamar an rataye shi. Can sai ya fara tafiya a hankali, yana yin ƙasa-ƙasa, har ya ɓace a bayan itatuwa, daidai saitin gorubar gonata. Mu da yawa muka gani. Wasu suka yi ta salati, liman ya ce a shiga a yi salla tukuna.

Da hantsi muka taru a inuwar da muke zama. Wani ya ce jirgi ne marar matuƙi, wani ya ce aljanun kogi ne, wani ya rage murya ya ce alama ce yaran daji suke yi wa junansu. Akwai wani Bafillace mai kawo mana nono, abokin wasana ne, ni kuwa Babarbare. Da ya ji ina ba da nawa labarin sai ya tuntsire da dariya.

"Ku bar wannan tsoho," in ji shi. "Akuyarsa ma sai ta yi kuka yake gane ta. Fitilar ladan ya gani."

Aka yi dariya. Wasa ne irin wanda muka saba, amma ranar ya shige ni. Na ce, "Kai da kake kwance cikin shanu me ka sani? Ni da idona na ga wutar nan ta sauka har ƙasa."

"Ta sauka?" in ji Bulama.

"Ta sauka," na ce.

Ban ga ta sauka ba. Ɓacewa na ga ta yi a bayan itatuwa. Amma dattijo ya riga ya faɗa a gaban mai gari, ga yara suna saurare, sai na ji janye maganar ya fi mini nauyi a kan barin ta. Yanzu da nake tunawa, da na ce "wasa nake," da dariya ɗaya za a ƙara yi mini, shi ke nan.

Doka ce a lokacin duk wani baƙon abu a sanar da hukuma, Bulama kuwa ya sanar. Washegari motocin soja suka shigo. Shugabansu wani kaftin ne matashi, Hausarsa irin ta Damagaram. Gaskiya bai yi wa kowa tsawa ba. Ya zauna a zauren Bulama yana kiran waɗanda suka gani ɗaya bayan ɗaya. Wane launi ne? Akwai ƙara? Yana kiftawa ko a tsaye yake? Daga ina ya ɓullo? Kowa ya faɗi nasa ya fito. Ni aka bari a ƙarshe, domin ni kaɗai na ce ta sauka.

"Baba," ya ce, "zo ka tsaya mini a inda ka tsaya jiya."

Muka tafi bakin masallaci, jama'a na biye da mu daga nesa. Na tsaya a kan dutsen alwala. Ya ciro wani ɗan abu mai allura, irin wanda matafiya ke duba alƙibla da shi, ya ce in miƙa hannu in nuna inda ta sauka, kada in motsa.

Na ɗaga kai na hango kan gorubata. Na gane abin da zai biyo baya: duk inda hannuna ya nuna, can za su bi su tona. Kuma na san abin da ke gindin gorubar. Hannun ya tashi yana nufin gaskiya, ina kallonsa, sai na ja shi kaɗan zuwa dama. Kaftin ya ɗora abin nan a kan damtsena, ya duba allura, ya faɗa wa na bayansa wata lamba da Faransanci.

"Ka tabbata, Baba?"

"Nan ne."

Na yi zaton hannun zai faɗa kan ciyawar bakin kogi inda ba gonar kowa. Ban san cewa ɗan karkacen da ke kusa, in ya yi nisa, gona guda yake tsallakewa ba. Sojoji suka jeru suka bi layin a ƙasa, suna duba ko akwai ƙuna, ko sawu, ko wani ƙarfe da ya faɗo. Suka wuce gefen gonata, ba wanda ya ko kalli gorubar. Layin ya kai su tsakiyar gonar maƙwabcina.

Wannan maƙwabci baƙo ne a cikinmu. Daga ƙetaren kogi ya zo da matarsa da ƴaƴansa bayan an tashi garinsu, Bulama ya ara masa fili kusa da nawa. Ya girme wa babban ɗana da kaɗan, Baba yake ce mini. Mutum ne marar yawan magana. In injina ya ƙi tashi, shi ke ajiye aikinsa ya zo ya ja mini igiya, domin kafaɗata ta daina wannan aikin. Shekarar ce karon farko da tattasansa ya yi kyau, har yana cewa in an tsinka zai yi wa iyali ɗaki na ƙasa su bar bukkar leda.

Ba su sami ƙuna ba, ba su sami sawu ba. Amma wani soja ya ga ƙasa sabuwa a bakin kwarin ruwa, ya soka sanda. Suka tono bido da buhun taki, irin wanda da sun tona kowace gona a garin za su samu. Sai dai a wurinsu ga haske ya sauka, ga taki da mai a daidai wurin, ga mai gonar baƙo daga ƙetare. Ko ni ne kaftin, da abin da zan gani ke nan.

Yana cikin ruwa har ƙauri lokacin da suka kira shi. Ya fito, ya wanke hannunsa, ya kashe injin da kansa. Da za a sa shi a mota ya waiwayo, idonsa ya sauka a kaina, ya ce, "Baba, a duba mini yaran." Na ce, "In sha Allahu." Aka tafi da shi Difa, aka kewaye gonarsa, aka ce kada kowa ya taka ta sai an gama bincike.

Tattasai in ya ɗauki ƴaƴa ba ya haƙurin ƙishirwa. Kullum da safe ina ba nawa ruwa, ina kallon nasa a ƙetaren iyaka. Ganyen ya fara lanƙwashewa, sannan ya yi rawaya, ƴaƴan suka yamushe suna zuba ƙasa. Ruwana yana gudu har bakin iyakar, taku kaɗan ya rage, ba halin in buɗe masa. Nawa kuwa bai taɓa yin kyau kamar na shekarar ba. Muka shanya shi ya rufe fili ja wur, mutane na cewa Allah ya yi mini albarka.

Matata, wadda ba ta san komai ba, ta riƙa kai wa iyalinsa tuwo. Wata rana matarsa ta zo har ƙofar gida ta durƙusa. "Baba, mun gode. Tun da aka tafi da shi, gidanka kaɗai ne bai guje mu ba." Gaskiya ta faɗa, domin mutane sun fara janye jiki, ana raɗa cewa ƙila dai da wani abu. Waɗanda ke raɗar kowannensu da nasa bidon a ƙasa. Na ce mata ta tashi, ba komai. Da ta tafi na kasa cin abincin dare.

Allah ya ba ni dama ta biyu, ita ma na bar ta ta wuce. Bayan wasu makonni kaftin ya dawo zauren Bulama. Ya ce sun bi zancen hasken iyakar iyawarsu. An gan shi a asubar nan daga wurare masu nisa, har makiyaya ta wajen Fulatari sun ba da labarinsa, kuma kowa a can ma cewa yake a bayan itatuwan garinsu ya ɓace. Ya ce abin da za a gani daga nan da can a lokaci ɗaya yana can sama ƙwarai, da wuya a ce ya sauka a gonar wani. Mene ne shi, ba su gano ba, ba kuma nasu ba ne. Sannan ya juyo gare ni.

"Baba, mutum yakan yi kuskure da asuba. In ba ka tabbata ta sauka ba, faɗa mini yanzu. Zai taimaki mutumin nan, don maganarka ce ta ƙara wa takinsa nauyi."

Zauren cike yake. Bulama na kallona, abokin wasana Bafillace na bakin ƙofa da ƙwaryarsa. Na ji bakina ya ce, "Haka idona ya nuna mini." Kaftin ya dube ni, ya miƙe ya yi sallama.

Ba a sako maƙwabcina ba sai da Komadugu ta janye, yara suka fara wasa a kan yashin tsakiyarta. Ba a same shi da komai ba ban da takin. Ya dawo ya rame, yana tari. Bai sake neman fili a garinmu ba. Ya kwashe iyalinsa suka koma Gagamari cikin sauran ƴan gudun hijira, yana yin ƙwadago a gonakin mutane.

Sai da shekara ta zagayo na iya zuwa. Na same shi a bakin bukka yana gyaran ƙotar fartanya. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka kawo ruwa. Na fara magana ina kewaye-kewaye, daga baya na faɗa masa duka: ban ga ta sauka ba, kuma hannun da na miƙa na karkatar da shi ne don in kare gorubata.

Bai ajiye fartanyar ba. Ya ce, "Na sani, Baba. A bayanka nake tsaye a bakin masallaci da asubar. Na ga inda ta ɓace."

Na ce, "Ka sani? To, can ba su tambaye ka ba?"

"Sun tambaya. Ba sau ɗaya ba. Har suka ce in nuna musu da hannu."

"Me ka ce?"

"Na ce a sama na gan ta, a sama ta ɓace. Ban ɗaga hannu ba." Ya gwada ƙotar. "Da na ɗaga, kai za su ɗauko. Kai kuma ba za ka iya kwanan wurin nan ba, da shekarunka."

Na roƙe shi gafara. Ya ce ya yafe tun yana can, don ya samu ya riƙa barci. Na ce ya dawo in raba gonata biyu ya ɗauki rabi. Ya ce a'a, yara sun saba da nan, kuma matarsa har gobe tana yi mini addu'a saboda tuwon nan, ba ya son ya ɓata mata ita. Ya raka ni har bakin titi ya tsayar mini da mota. Tarin nan bai bar shi ba, damina biyu bayan haka ya rasu. Kafin in rubuta wannan sai da na je na faɗa wa matarsa da bakina. Ta tashi ta shiga ɗaki ta saki labule.

Har yau ba wanda ya san ko mene ne hasken nan. Ni dai na bar tambaya. Gorubar tana nan, na daina zama a inuwarta.

Ina roƙon wanda ya karanta wannan, musamman dattawa irina da ake jin maganarsu: in ka ga abu, faɗi iyakar inda idonka ya tsaya, kada ka ƙara ko taku ɗaya don a daina yi maka dariya. In ka riga ka ƙara, janye tun a inuwar hira, kafin maganar ta kai gaban masu bindiga. In kuma aka ce ka nuna da hannu, alhali gaskiyar za ta cuce ka, ƙaryar za ta cuci wani, kada ka yi abin da na yi. Akwai mutum a ƙarshen inda hannunka ya nuna.