Ranar da mai takaba ta ja motar asibiti

Shekarun baya can, lokacin da 'yan bindiga suka addabi yankinmu na Daudawa, na tattara na koma gidan yayata don in taya ta zaman takaba. Nas ce a ƙaramin asibitin ƙauyensu. Mijinta kuwa shi ke tuƙa motar asibitin, kuma a kan hanya aka harbe shi, yana dawowa daga kasuwar Sheme a kan babur. Tun da ya rasu motar take ajiye ƙarƙashin dalbejiya, kaji na kwana a ƙasanta, don babu namijin da ya yarda ya karɓi makullin.

Ni dai tela ce, ga baki, ga tsoro. Ko kaza ake yankawa sai na juya baya.

Wata rana da hantsi muna ɓarar gyaɗa muka ji harbi daga wajen gonaki. Ba a jima ba aka shigo da maƙwabcinsu kwance a kan ƙyauren ƙofa, harsashi ya shige shi a cinya. Yayata ta yage zane ta ɗaure wurin, ta sa masa ƙarin ruwa, amma jinin ya ƙi tsayawa. Ta ce in ba a kai shi Funtua ba, ba zai kai la'asar ba.

Aka shiga kallon-kallo. Masu babur sun watse, wanda ya iya mota kuma ya ce ƙafarsa ke ciwo. Ban ga laifinsa ba.

Sai ta shiga ɗaki ta fito da makulli. Ashe marigayi ya koya mata tuƙi a filin makaranta, ko ni ban sani ba.

Yayan mijinta ya tare ƙofa. "Ke ɗiyar nan, mi kike shirin yi? Takaba hwa kike. Ina za ki tahi?"

Ta durƙusa har ƙasa. "Baba, lalura ce. In sha Allahu ɗakin ƙanenka zan kwana. Amma in na zauna, matar wannan ma gobe takaba za ta shiga."

Tsohon ya dubi matar, wadda ke riƙe da kan mijinta. Sannan ya matsa gefe.

Ni aka ba ledar ƙarin ruwan in ɗaga sama. Na so in ce ina da ɗinkin mutane, kunya ta hana ni. Kujerar direba tana can baya yadda mijinta ya bar ta, shi dogo ne, ƙafarta ba ta kai. Na ce ta jawo ta gaba mana. Ta yi kamar ba ta ji ba, ta sa aka miƙo mata filo ta cusa a bayanta.

Ba ta kunna jiniya ba, don kada ta kira mana 'yan bindigar. Mota ta mutu mana a bakin rafi, ta sake tayarwa. Duk addu'ar da na iya na karanta, har da ta cin abinci. Idona a rufe, hannuna a sama, ita kuma tana ta kiran mutumin da sunan 'yarsa tana cewa, "Kar ka yi mani barci, gero bai shiga rumbu ba."

Mun kai shi da ransa. Likita ya karɓe shi, ita ko ruwa ba ta tsaya sha ba, ta juyo da mu. Rana na shirin faɗuwa muka shigo gari, muka tarar da yayan mijinta tsaye a bakin hanya da carbinsa. Bokitin ruwa ya ɗauko da kansa ya wanke jinin da ke cikin motar.

Mutumin yana nan, yana ɗingishi, yana nomansa. Yayata ta yi shekaru tana jan motar nan, ta kai masu rauni, ta kai masu naƙuda. Har yau in aka ce wai mata ba su da zuciya, dariya kawai nake yi, ina alfahari da ita ƙwarai.

Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne ranar da ta fita takaba. Ta yi wanka, ta sa sabon zanen da na ɗinka mata, ta je ta zauna a motar ita kaɗai. Ta daɗe a ciki. Daga nan na ga ta cire filon ta ajiye gefe, ta sa hannu ƙasa, ta jawo kujerar gaba.