Ranar da Ruwa Ya Dawo wa Motar Kawu

Ko zan manta da komai a rayuwata, ban da ranar da kawuna ya gwada motarsa a Fatakwal. Shekaru sun wuce, amma har yau in aka rufe ƙofar ƙarfe a bayana sai na juya na duba ta inda ake buɗe ta.

Ƙanin mamata ne, dillalin shanu, ya taso daga Arewa ya sauka gidanmu kusa da mayankar Trans-Amadi. Bai daɗe ba ya ce shi ya gama da shanu, mota zai ƙera wadda za ta tashi daga nan har Agadas ba ta tsaya shan mai ba, sojoji da masu ratsa sahara su riƙa rububinta. Ya sayi wata tsohuwar a-kori-kura, ya sa mata tayoyin tarakta, ya ɗaura tankunan mai, ya sa mai walda ya lulluɓe bayanta da ƙarfe, wai maganin harsashi. Ƙofar bayan ma sakatarta a waje take. Mutumin da ko taya bai taɓa canzawa ba, sai ga abokan hirarsa suna kiransa Injiniya, yana amsawa har da gyaran hula.

Ni abin da ya ja mini, na gama sakandare. Ya ce in shiga baya in ɗauki bidiyo da waya ta wata 'yar taga, ina bayani da Turanci, don a nuna wa manyan soja. Mama ta ce in je, ai kawuna ne.

Filin gwajin da ya zaɓa bakin wani rafi ne a bayan mayanka, wanda ya haɗe da teku, kullum ruwansa yana janyewa yana dawowa. Ruwa ya janye, wuri ya yi shimfiɗe. Ni a garin aka haife ni, na ce, “Kawu, ruwan nan fa dawowa yake yi.”

Ya yi dariya. “Ke 'yar nan, damina ta wuce. Kogin garinmu in ya ƙafe, har kasuwa ake ci a cikinsa.” Ya tura ni ciki, ya ja sakata.

Ba mu yi nisa ba motar Agadas ta kafe a taɓo. Yana taka mai, tayoyi suna tona mana kabari, bayan motar yana nutsewa. Can na ji sanyi a ƙafata. Ruwa ne yake shigowa ta ƙasa, ga warin fetur ya cika akwatin da nake ciki. Na yi ta dukan ƙarfe ina kiran sunan Allah, ina kiran Kawu. Ta taga na hango shi ya tuɓe babbar rigarsa yana lulluɓe inji da ita.

“Kawu, buɗe mini! Ruwa ya kai gwiwata!”

“Yi haƙuri, kar wayar ta jiƙe! Ci gaba da ɗauka!”

Sai da ruwa ya kai mini ƙugu ya tuna da ƙofa, a lokacin sakatar ta shige taɓo ta cije. Wasu mata masu tsintar dodon-koɗi ne suka matso da kwalekwale. Ɗaya ta ture Kawu tana cewa da Turancin Buroka, “Oga, pikin dey inside, you dey cover engine?” Wato ga yarinya a ciki, shi yana ta lulluɓe inji. Ta lalubo sakatar cikin ruwa, ta yi ta bugunta da ƙotar adda har ta saki. Suka jawo ni ta hijabi, ina amai, ina kuka.

Motar tana nan har gobe. In ruwa ya janye ana ganin rufinta, ƙaguwa sun samu gida mai maganin harsashi. Kawu bai taɓa ce mini sannu ba. Cewa yake yi ai don sahara ya ƙera ta, ƙasar Fatakwal ce ba ta da kyau, kuma har yanzu Injiniya ake kiransa.

Abin da na koya ɗaya ne. Duk wanda ya ce mini motarsa ba inda ba ta shiga, ko uwa ɗaya suke da mamata, sai ya fara nuna mini ta inda ake fita.