Hudar da Na Toshe da Ƙaro

Wata Juma'a cikin bazara, shekarar da na shiga aji huɗu, muka dawo daga masallaci ni da Baba, muka tarar ruwa na fitowa ta ƙarƙashin ƙofar ɗakinsa, ya bi tsakar gida har gindin turken awaki. Tun muna alwala aka ɗauke wuta.

A ɗakin, kan wani tebur, akwai akwatin gilashi mai ƙananan jajayen kifaye, wanda wani abokin Baba, ɗan ƙabilar Ibo mai sayar da kayan gyaran mota, ya bar masa da zai koma garinsu. Ƙarƙashin teburin akwai tanki na biyu. Ruwa kan sauka cikinsa ya tace, wani ɗan inji ya mayar da shi sama ta mesa. In wuta ta tafi, injin ya tsaya, sai mesar ta riƙa zuƙo ruwan sama tana juyewa ƙasa. Don haka Baba ya gasa ƙusa ya huda ta dab da saman ruwa, yadda da ruwan ya ɗan ja baya, iska za ta shiga, zuƙar ta yanke. Ya kuma ja layi a jikin tankin ƙasa, ya rubuta da ajami: "Iyakar ruwa ke nan."

Ni ban san amfanin hudar ba. A gidanmu in randa ta yi yoyo, Inna ba ta zama sai ta liƙe ta, tana cewa, "Ruwa ba ya zuba a banza a Daura." Da safen nan na ga mesa tana tsartuwa, sai na tauna ƙaro na toshe wurin tsaf. Na ga tankin ƙasa da sauran fili, na ƙara masa bokiti har ya haye layin. Na tafi masallaci ina jiran yabo.

Kifayen sun tsira a ɗan ruwan da ya rage. Amma a kan buzu, gefen teburin, akwai gafakar marigayi kakana, Allah Ya jiƙansa, wadda Baba ya buɗe da hantsi. A takardun da ke ciki kakan ya rubuta da hannunsa yadda danginmu suka taso daga garin Dutsi, da sunayen iyaye bakwai. Baba ya yi mini alkawarin in na sauke zan karanta da kaina. Tawadar ta narke, takardun suka koma kamar allon da aka wanke.

Baba ya ɓare ƙaron da farce, ya daɗe yana dubansa.

"Wa ya taɓa mesar nan?"

"Ni ne, Baba. Yoyo take yi."

"Innalillahi. Da ka tambaye ni, Habu."

Bai dake ni ba. Muka shanya takardun ɗaya ɗaya a inuwar darbejiya har la'asar.

Yanzu muna da sola, wuta ba ta cika yanke mana ba, ajami kuwa babu hannun da nake kasa karantawa. Gafakar tana wurina. Nakan buɗe ta bayan sallar Juma'a, in karanta sunaye uku da suka rage a saman shafi. Sauran huɗun Baba ya sha faɗa mini su da baki, ban rubuta ba, har ya rasu.