Kwanon da Aka Wanke da Toka

Ladi ungozoma ce, mutuniyar Kafanchan. Aiki ya kawo ta Gummi a 1979, ita da mijinta Bitrus, malamin firamare. Hannunta na da albarka, bakinta kuwa sai addu'a. In ka taka ta yau, bayan shekara goma za ta gaya maka launin takalmin.

Kirsimetinta na farko ta dafa shinkafa da zakara, ta kai wa maƙwabciyarta Marka, matar wani makiyayi. Marka ko murfin ba ta ɗaga ba.

“Wa yay yanka?”

Ladi ta ce maigidanta. Ba ta san a nan sai an kira Musulmi ya sa wuƙa ba. Marka ta juye wa kare abincin a gaban matan unguwa, ta dirje kwanon da toka, ta miƙo mata.

Ladi ta rataye kwanon a bango, ta rantse sai ta rama. Kowace shekara takan kira Dikko mahauci ya yanka mata, ta bi gida-gida da shinkafa, ta tsallake na Marka, har takan buɗe murfi a ƙofarta don ƙamshi ya shiga. Bitrus ya yi faɗa ya gaji. Abin bai ishe ta ba, so take Marka ta ci abin da ta ƙi.

A 1984 fari ya biyo bayan ciwon shanu. Garken gidan Marka ya ƙare, mijin ya tafi kudu ci-rani, shiru. Ladi ta ce rana ta yi. Jajibirin Kirsimeti ba ta kira Dikko ba, ta sa Bitrus ya yanka zakara ɗaya, wai na gida ne.

Da safe, a ɗan ɗakin da suke sujada, mai wa'azi ya ce Allah bai tsaya nesa ya aiko da saƙon ƙauna ba, shi ya zo da kansa, ya kwana cikin mutanen da suka hana shi masauki. Ladi ta ji haushin wa'azin ƙwarai, kamar da ita ake. Tana komawa ta sauke kwanon, ta cika shi, ta nufi gidan Marka. Shirinta ta bar ta ta cinye, sannan ta faɗa a gaban matan unguwa cewa Bitrus ne ya yanka.

Ta tarar da Marka a gindin murhun da ba wuta, ta rame har awarwaro na zamewa daga hannunta. Ladi ta ajiye kwanon, tana jiran tambayar, ƙaryarta a shirye. Marka ta dubi kwanon, ta gane shi, ta sunkuyar da kai. Ba ta tambaya ba. Ta yi bisimilla ta miƙa hannu.

Shekara biyar Ladi tana tanadi don mace mai girman kai, ga shi yunwa ta riga ta. Kunya ta kama ta, ta riƙe wuyan hannun Marka.

“Kada ki ci. Bitrus ne ya yanka.”

Marka ta dube ta, ta ce, “Na sani. Ban ga Dikko ya shiga gidanku ba jiya.”

Ladi ta kwashe kwanon ta fita, tana zagin kanta, tana zagin Marka, har mai wa'azin bai tsira ba. Akuya ɗaya Ladi ke da ita, mai shayarwa ma. Ta aika aka kira Dikko ya yanka ta. Sai bayan la'asar ta dawo da kwanon cike, kuma wannan karon ba ta tsaya a ƙofa ba. Ta shiga ta zauna a tabarmar Marka, ta sa hannu a kwano ɗaya da ita.

Har aka yi mata canjin aiki zuwa Anka, ba wanda ya ji Ladi ta ce ta yafe. Kwanon dai ta bar shi a gidan Marka, kuma kowane Disamba sai ta hau mota ta zo ta cika shi.