Kashe-Kunna da Muryar Matarsa

Kafin masu shagunan layinmu su gama ɗaga ƙofofinsu, shi ya riga ya share nasa. Ba da tsintsiya yake farawa ba. Wani ɗan buroshi ne da shi, irin na masu fenti, wanda rabin gashinsa ya zube. Da shi yake bin teburi, ya bi bayan kwamfutoci, ya bi ƙananan fankokinsu yana hurawa da baki. Sai ya gama da na'urori sannan ya tuna da ƙasa. Daga nan ya jawo kujeru biyu ya jera su a gaban allon kwamfuta, ɗaya tasa, ɗaya ta mai kaya. Ya goge tabarau da gefen riga, ya zauna.

Ba mai kiransa da sunansa. Kashe-Kunna muke ce masa, domin duk wanda ya shigo a gigice yana cewa kwamfutarsa ta mutu, amsar farko ɗaya ce: ka kashe, ka sake kunnawa tukuna. Sau da yawa maganin ke nan. Mutum ya fita yana sosa ƙeya, shi kuma ya koma kan aikinsa. Ni kafinta ne, bango ɗaya ya raba shagona da nasa tun gashin kanmu yana baƙi. Ban saba yabon mutum ba. Wannan ya cancanta, kuma ƙarshen watan nan zai rufe shago, idanu sun gaza, hannu ya fara rawa.

Mutumin nan yana son kwamfuta kamar yadda makiyayi ke son garkensa. In an kawo masa wadda ta sha wuya, sai ka ji yana yi mata sannu. Kuma yana da ra'ayi a kan komai, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. A wurinsa na'ura ba ta ƙarya, abin da aka ce ta yi shi take yi, in ta ɓata to a nemi mai hannun. Masu cewa wayarsu ta kamu da wani abin ɓoye, sai ya buɗe ta ya nuna musu ƙura da gumi. Sababbin wayoyin da ake liƙewa da gam ba a iya kwance su, waɗannan ya tsane su. Cewa yake duk abin da ba ka iya buɗewa ba naka ba ne, aro aka ba ka. In na yi tsaki na ce yaran yanzu suna gaishe ka idonsu na kan waya, sai ya kare su, ya ce ai wani suke gaisarwa a can, duniya ce ta yi faɗi. Nakan ce masa faɗin da ya sa mutum bai ga na gabansa ba, ba faɗi ba ne. Ya yi dariya ya ce mai katako ba zai gane ba.

Kujerar nan ta biyu ita ce aikinsa. Bai taɓa karɓar waya ko kwamfutar mutum ya ce je ka dawo ba, sai in gyaran na ƙarfe ne zalla. In za a shiga ciki, mai abu zai zauna, shi zai danna lambobin sirrinsa da hannunsa, Kashe-Kunna ya kau da kai yana duban bango. Cewa yake wayar mutum ɗakin kwanansa ce, mai gyara kuwa baƙo ne, iyakarsa inda aka nuna masa. Masu gaggawa sun guje shi saboda haka, sun koma wurin masu sauri. Bai sauya ba.

Wani maƙwabcinmu mai sayar da taya, ƙato, mai faɗa, ya taɓa kawo masa wayar ƙanwarsa a ɓoye, wai a buɗe masa ya ga da wa take magana. Duk layin mun ji hayaniyar. Kashe-Kunna bai ɗaga murya ba. Ya ce masa kujera tana nan, a kawo mai wayar ta zauna, in ta yarda sai a buɗe. Mai taya ya zage shi tas, ya daina gaishe shi har tsawon shekara. Bayan haka da tasa wayar ta lalace, nan ya kawo ta. Ya san inda ba za a leƙa masa ba.

Akwai wata tsohuwa mai wanki da guga a ƙarshen layi. Ɗanta direba ne, ya rasu a hanya, aka kawo mata wayarsa a farfashe cikin leda. Masu gyara da dama sun ce ta haƙura. Kashe-Kunna ya zaunar da ita, ya yi ta fama da wani ɗan abu da bai kai farce ba, yana narka dalma, yana duba ta gilashin ƙara girma, yau da gobe, har ya ciro abin da ke ciki. Ya sa mata lasifika a kunne. Ta ji ɗanta yana gaya wa abokinsa cewa ya kusa isowa, a ajiye masa wuri. Na ga matar nan ta fito tana dafa bango. Har yau in ta wuce sai ta tsaya ta yi masa addu'a, shi kuma sai ya yi kamar yana neman sukudireba a ƙarƙashin teburi.

Daga irin wannan aikin ya samo babbar maganarsa. Ya yi imani cewa zamanin ɓatan abu ya wuce. Da, in mutum ya mutu, muryarsa ta tafi da shi, fuskarsa ta dushe a zuciyar 'ya'yansa. Yanzu kuwa, in ji shi, ba wanda zai ɓace sai wanda aka yi sakaci da shi. Duk wanda ya zauna a kujerar nan sai ya sha wa'azi: ɗauki muryar mahaifiyarka, ɗauki hoton mahaifinka, ajiye a wuri biyu. Mutane da yawa sun bi maganarsa, kuma sun gode.

Gidansa yana bayan shagon, ƙofa ɗaya ce tsakani. Matarsa mace ce mai fara'a da baki, ba ta barin magana ta faɗi ƙasa. Ba ta son a ɗauke ta hoto, da ta ga an ɗaga waya sai ta ja mayafi ta rufe fuska tana dariya. Saƙon murya kuwa ba ta taɓa yi ba, ta ce ba za ta yi hira da ƙarfe ba, in tana son mutum za ta je ta same shi. Da rana takan leƙo ta ƙofar baya ta kira shi cin abinci. Yakan ce yana zuwa. Ta dawo ta sake kira. Wata rana ina tsaye a wurin ta ce mini, “Baba kafinta, don Allah ka huda mini baya ka sa mini igiyar caji, ko Malam zai san ina gidan nan.” Muka yi dariya har da shi, idonsa na kan allo.

Bara ta kwanta ciwo, bai ɗauki lokaci ba, Allah ya karɓi abarsa.

Da aka share makoki, autarsu, wadda ke aure da ƙananan yara, ta roƙe shi abu ɗaya. Ta ce yaranta ba za su tuna kakarsu ba, ita kanta ta fara jin muryar tana kuɓuce mata. Ya tura mata muryar ko kaɗan ne, ta riƙa kunna musu. Ya amsa ba tare da tunani ba, ya ce sai dai ya zaɓar mata mai daɗi. Mutum ne da aljihunan teburinsa ke cike da faifai da memori na shekara da shekaru.

Ya fara da wayarsa, babu. Ya bi kwamfutarsa, babu. Ya zazzage aljihunan teburi, ya riƙa jona tsofaffin faifai ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya samu shi ne hotuna ba iyaka na cikin kwamfutoci. Al'adarsa ce kafin ya kwance na'ura ya ɗauki hotonta, don ya san inda kowace ƙusa da kowace waya za ta koma. Duk yana nan, a jere, a wuri biyu, ba ko ɗaya da ya ɓace. Ita ce babu.

A makonnin nan ya daina karɓar aiki. Mai kawo gyara ya tarar da shi zaune da lasifika a kunne, ya yi sallama har ya gaji ya tafi. Autar takan kira ta tambaya, ya ce yana kan dubawa. Ya rame. Ya daina yi mini gardama, abin da ya fi damuna ke nan.

Wata rana da hantsi, sai ya buga mini bango, alamar da muke kiran juna da ita. Na ajiye zarto na shiga. Ya nuna mini kujera. Ya ce wani makirufo ne aka taɓa kawo masa gyara da daɗewa, ya ɗauki sauti don gwaji, ya manta bai goge ba. Ya danna.

Muryarsa ta fito tana cewa gwaji, gwaji. Sai ƙarar ƙofa, sai ita, daga nesa kaɗan, sarai kamar tana bayanmu: “Malam, abincin nan zai huce fa. Ka zo ka ci ka dawo, na'urar ba guduwa za ta yi ba.”

Sai shi, kusa da makirufo, da ƙarfi: “Ke, yi mini shiru mana, sauti nake ɗauka.”

A ƙarƙashin maganar tasa ana jin ta tana dariya. Ƙofa ta rufe. Ya ci gaba da gwaji, gwaji, na tsawon lokaci.

Iyakar abin da ya rage na muryar matar nan a duniya ke nan.

Ya nuna mini sautin a allo, ya zama kamar haƙoran zarto, wasu dogaye, wasu gajeru. Ya ce ga ita nan, ga shi nan. Ya ce yanke nasa ba wuya ba ne, aikin ƙiftawar ido ne, autar ba za ta taɓa sani ba. Matsalar ita ce dariyar. Tana kwance a ƙarƙashin maganarsa, in ya cire kansa ta tafi tare da shi. Ya gwada duk dabarar da ya sani don ya raba su, abin da ke fitowa ba dariyarta ba ce, wani ƙugi ne. Ya tambaye ni me na gani. Na ce ni ban san wannan aikin ba, amma yarinyar uwarta ta nema, kuma uwarta mai dariya ce. Ya daɗe hannunsa na kan madannai. Sannan ya janye shi.

Da autar ta zo, ya zaunar da ita, ya kunna mata duka, bai rage komai ba. Shi ya juya yana duban bango. Ta saurara, ta ce a sake. Ta sake saurara. Ba ta yi kuka mai ƙara ba. Ta ce, “Haka take dariya. Wallahi haka take yi.” Can kuma ta ce, ba da faɗa ba, “Haka kake ce mata kullum, Baba.”

Ya ce, “Na sani. Shi ya sa na bar shi. Yaran su ji ta, su ji ni.”

Tun daga ranar ya rage wa'azi. Bai zagi kwamfuta ba, ba zai taɓa zaginta ba. Cewa ya yi ba ta ci amanarsa ba, abin da ya ba ta shi ta ajiye masa, daidai wa daida. Wannan maganar ya faɗa mini sau ɗaya, bai ƙara ba.

Kai ne, Kashe-Kunna, wanda aka damƙa wa sirrin layi guda, ba a taɓa jin ko ɗaya a bakinka ba. Kai ne ka mayar wa tsohuwa muryar ɗanta lokacin da kowa ya ce ta haƙura. Mai amana, baƙon da ba ya wuce inda aka nuna masa. Ranar da gyara ya zo kanka, kana da hannun da zai share laifinka ba mai gani, ka bar shi a fili gaban 'yarka don kada dariyar uwarta ta salwanta. Na ga maza da yawa a rayuwata. Kaɗan ne za su iya wannan.

Zai koma wurin autar da zama. An riga an fara kwashe kaya, ni na haɗa masa akwatunan. Wani mai sayar da sababbin wayoyi ne zai karɓi shagon. Ban san wa zan yi wa tsaki ya ba ni amsa ba.

Mun gode, maƙwabci. Layin nan ya gode, har da waɗanda ba su san sun ci moriyarka ba. Allah ya jiƙan mai ɗakinka, ya ba ka lafiyar ido, ya sa jikoki su cika maka kunne.

Ku masu gyara da ke tasowa, ku je ku gan shi kafin ya tafi, ku koyi yadda ake riƙe kayan mutane. Sauranmu kuma, saƙon da ya ce in isar gajere ne, kuma ya ce kada in ƙawata shi. In ana kiranka daga ƙofa, ka ajiye abin da ke hannunka, ka juya ka amsa tun mai kiran yana tsaye.