Jimla ɗayan da Kawu Isufu ya yi wa Inna

Shekara talatin ke nan da rasuwar Kawu Isufu, wan mahaifiyata, tafintan kumandan, Baturen mulki, a Zinder. Dangi sun ce tunda ni na yi karatu, ni zan rubuta tarihinsa. Na daɗe ina jan ƙafa, don ban tabbata abin da zan faɗa shi suke son ji ba. Allah Ya ji ƙansa. Yabo kam ba zan iya ba.

A jami'a aka koya mana kalmar Ingilishi «theme», wadda muke ce wa jigo, wato abin da magana ta tsaya a kansa. Malaminmu ya ce asalinta Girkanci ne, ma'anarta abin da aka aza. In ban manta ba, babu wanda ya tambayi wa ke azawa. Ni na san amsar tun daga gida.

Shekaru kaɗan kafin 'yancin kai, bayan rasuwar babanmu, wani maƙwabci ya shige garkarmu ta dabino a Gidimuni. Inna ta taho Zinder ta kai ƙara biron kumandan, wato ofishinsa, inda Kawu ke tafinta. Ba na cikin biron; daga bakinta na ji, kuma ba ta taɓa canza labarin ba. Ta yi yadda ake yi a wurinmu: ta fara daga kakan da ya haƙa rijiyar, ta ambaci wanda ya dasa kowane dabino da waɗanda suka gani. A ƙauye, wannan jerin sunayen shi ne takarda. Kumandan ya gaji, ya buga tebur, ya nemi jigon magana.

Kawu ya yi jimla ɗaya da Faransanci: rigimar ruwa ce. Aka yanke kowa ya ɗebi ruwan rijiyar. Garka ba a ambace ta ba, ta zauna hannun wanda ke ciki.

Inna ta tare shi a ƙofa. "Yaya, ni ina magana tun hantsi, kai ka yi tari ɗaya. Ina dabinona?"

"Ke Hajara, Nasara ba ya zama jin tatsuniya. Tsakiyar zancen na fid da miki."

"To ka shayar da 'ya'yana tsakiyar."

Wasu sun ce tsoron kumandan ne, wasu sun ce ya san maƙwabcin. Ba ni da shaida, ba zan ɗora masa abin da ban gani ba. Abin da na gani shi ne kumandan ya tafi, Kawu ya koma sabon biro, ya yi shekaru da hatimi a hannu, bai taɓa komawa kan jimlar nan ba.

Da yana raye, ina jin zamanin nan zai yi masa daɗi, kowa na cewa a taƙaita. Ni ma a lakwal, makarantar da nake koyarwa, haka nake sa ɗalibai su fid da jigo, sai dai hannuna na nauyi in na zo gyara musu.

Dabinon na nan suna haihuwa, wasu ke ci. Dangi sun so in taƙaita rayuwarsa a layi ɗaya. Na ba shi shafi guda. Ya fi abin da ya ba ƙanwarsa.